Na'ura ɗaya ko ƙananan kaya da yawa: da me ɗalibai za su duba lafiyar rafi?

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da masana. Shawara nake nema. An amince wa ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makarantarmu ta riƙa bibiyar lafiyar wani rafi sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo, an kuma ware mana ɗan abin sayen kayan aiki. Abin ba zai kai ga komai da komai ba. Ko dai mu sayi na'urar lantarki guda, irin wadda ake tsoma bakinta a ruwa ta nuna zafi da pH (ma'aunin tsamin ruwa) da iskar oksijin da gishirin da ya narke a ciki, ko mu sayi ƙananan kaya da yawa: ma'aunin zafi, takardun gwajin pH, kwalaben sinadarai, bututun duba dagulewar ruwa, da raga. Yaran sun kai talatin, 'yan shekara 14 zuwa 17. Ni dai na fi karkata ga na'urar, don ba na so mu shekara muna tara lambobin da ba wanda zai yarda da su. Me kuka gani?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Malama. Ku sayi na'urar, araha ba ta ado. Duk gwajin da ya dogara da kwatanta launi yana hannun ido ne da hasken rana. Ki ba yara biyar takardar pH ɗaya, wani zai ce 6 ya gani, wani ya ce 7. Wannan kuwa ba ƙaramin saɓani ba ne. Tun da Sørensen, masanin nan na ƙasar Denmark, ya fito da ma'aunin a 1909, kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwan da ke kan 6 ya fi na 7 tsami sau goma, na 5 ya fi shi sau ɗari. Yawancin halittun ruwa kuma tsakanin 6.5 da 8.5 suke walwala. To idan kuskuren kayan aikinki ya kai mataki guda cur, da me za ki gane rafin ya sauya daga watan jiya zuwa na yau?

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Ranka ya daɗe Injiniya, maganarka kan takardar pH gaskiya ce, amma ban yarda da inda ka kai ta ba. Ni aikina ke nan, kula da irin waɗannan na'urori, kuma na san abin da suke ci bayan an saye su.

Bakin gwajin pH gilashi ne mai laushi. Kafin kowace fita sai an saita shi da ruwan saiti, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, na 7 da na 4, wani lokaci har da na 10. Ruwan saitin nan yana lalacewa bayan an buɗe kwalbar, musamman na 10, don yana shan iskar da ke yawo ya sauka. Bayan an gama aiki ba a barin bakin ya bushe, ba a kuma ajiye shi cikin tataccen ruwan ɗakin gwaji, sai cikin ruwan gishirin fotasiyam da aka yi domin haka. Ko an kula da shi yadda ya kamata, shekara ɗaya zuwa biyu yake yi ya gaji a sauya wani. Bakin da ke auna gishiri shi ma yana da nasa ruwan saitin, wanda aka fi amfani da shi shi ne mai lamba 1413. Bakin oksijin na tsohon salo yana da siririyar fata da ake sauyawa da ruwan da ake zuba masa a ciki.

Malama, shin kuɗin da aka ware ya haɗa da waɗannan duka, na bana da na baɗi? In bai haɗa ba, bayan wata huɗu za ki kasance da na'urar da ke nuna 7.43 alhali ruwan yana kan 6.8, kuma ba yaron da zai yi shakka, saboda lambar ta fito a allo da ɗigo da komai. Takardar pH aƙalla kowa ya san ƙiyasi ce.

Abu na biyu: na'ura ɗaya, yara talatin. Ɗaya ya riƙe, saura su tsaya kallo.

Injiniyan Ruwa:
Malam, ai sinadaran kwalaba su ma suna da ranar lalacewa, kuma zafi na kashe su tun kafin ranar ta zo. Sannan na'urorin oksijin na yanzu da haske suke aiki, ba su da fatar da kake faɗa, ba sa buƙatar a riƙa motsa su cikin ruwa kamar na da. Murfin bakin kawai ake sauyawa lokaci-lokaci. Saita su ma ba wuya, cikin iska mai danshi ake yi.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Haka ne, masu hasken sun fi sauƙin riƙo, sai dai su ne suka fi tsada a cikin duka. Bari in faɗi abin da ya sa nake son yara su auna oksijin da hannunsu, ko da akwai na'ura a gefe.

Hanyar da ake bi tun 1888 take. Lajos Winkler ya ƙirƙiro ta a Budapest yana ɗalibin jami'a, kuma har gobe da ita ake tantance ko na'urar lantarki na faɗin gaskiya. Yaro zai nutsar da kwalba cikin ruwa ya rufe ta tun tana ƙasa, kada kumfar iska ko ɗaya ta shiga, don kumfa ɗaya ta isa ta ƙara wa sakamakon abin da babu shi a rafin. Zai ɗiga sinadari na farko mai manganis, ya bi shi da na biyu mai aidin, ya rufe ya jujjuya. Nan take wani gari-gari mai ruwan ƙasa zai bayyana yana kwantawa. Idan oksijin ya yi yawa launin zai yi duhu, idan babu shi garin zai fito fari. Tun a nan yaro ya ga amsar da idonsa kafin a zo lissafi. Sai a sa asid, garin ya narke, ruwan ya koma rawaya. Daga nan oksijin ya kamu, ana iya komawa inuwa a zauna a ƙarasa. Za a riƙa ɗiga sinadari na ƙarshe ɗigo-ɗigo har rawayar ta dusashe, a sa sitaci ruwan ya koma shuɗi, a ci gaba da ɗigawa har shuɗin ya ɓace ɗungum. Yawan abin da aka ɗiga shi ne yawan oksijin.

Yaron da ya yi wannan sau uku ya san cewa oksijin abu ne da ke cikin ruwa, ana iya kama shi a ƙidaya. Wanda ya karanta allo kawai ya san lamba ce.

Ɗaliba:
Assalamu alaikum iyayena malamai, ku gafarce ni na shigo maganar manya. A tamu ƙungiyar muna da kwalaben da Malam ya bayyana. Wata rana rukunin safe suka samu oksijin miligiram 5 a lita, mu da muka je da la'asar muka samu 9, wuri ɗaya, rana ɗaya. Har yau muna musu kan waɗanda suka yi kuskure. Wa ya fi gaskiya?

Injiniyan Ruwa:
'Yata, mai yiwuwa ba wanda ya yi kuskure a cikinku, kuma tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa zuwa yanzu amfani. Gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin muddin akwai hasken rana. Da dare ya yi sai su daina, amma su da kifi da ƙwayoyin halitta duk suna ci gaba da shaƙa. Saboda haka oksijin ya fi ƙaranci da asuba, ya fi yawa da rana ta karkata. Idan rafin ya cika da gansakuka, tazarar takan yi faɗi sosai, kuma faɗin tazarar kansa alama ce ta cewa taki na shiga ruwan da yawa.

Sai ku haɗa da zafi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. A daidai tsayin teku, ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9.1 a lita, a digiri 25 kusan 8.3, a digiri 30 kusan 7.6. A kan tsaunuka abin ya ƙara raguwa. Don haka lambar oksijin ba tare da zafin ruwan da lokacin da aka ɗebo shi ba, rabin labari ce. In ruwanku ya kai digiri 28 kuka samu 9, to ya wuce abin da zai riƙe a natse, ciyayi ne ke ta hura masa iska. Shi kuwa 5 ɗin safe yana bakin iyaka, domin ƙasa da haka kifaye da yawa suna fara wahala, ƙasa da 2 kuwa sai mutuwa ko gudu.

Ku tsayar da sa'a ɗaya ta fita, ku riƙe ta duk shekara.

Ɗaliba:
Na gode Baba, Allah ya ƙara ilimi. Za mu gwada zuwa da asuba da kuma la'asar a rana ɗaya mu gani.

Baba Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na lura a jerin da Malama ta kawo raga ce ta zo ƙarshe, ba wanda ya sake ambatonta. Ni kuwa da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in bar saura, ragar zan ɗauka.

Dalilina shi ne abin da yarinyar nan ta gano da kanta. Na'ura da kwalba duk suna faɗa maka halin ruwan da ya wuce ta gabanka a wannan minti. Idan wani ya zubar da guba da tsakar dare ranar Laraba, ku kuka zo Asabar da hantsi, ruwan da ya ɗauki gubar ya yi nisa, na'urarku za ta ce lafiya lau. Kamar baƙon da ya zo bayan an share tsakar gida ne, ba zai san abin da aka zubar jiya ba. Amma ƙananan halittun da ke manne a ƙarƙashin duwatsu ba su da inda za su. Wasu watanni suke yi a wurin, wasu fiye da shekara. Idan gubar ta wuce ta kansu, za ka tarar babu su.

Kayan aikin ba su da yawa. Raga mai ƙananan ƙofofi, kusan rabin milimita, a ɗaure a sanda. Farin faranti mai ɗan zurfi, dole fari, don a ga abin da ke motsi. Gilashin ƙara girma, hantsaki ko burushi mai laushi, cokalin roba, da farantin daskarar da ƙanƙara mai ramuka-ramuka don a ware kowane iri a raminsa. Sai takardar hotunan halittun, a rufe ta da leda.

Yaro ɗaya zai kafa ragar a ƙasan ruwa bakinta na fuskantar inda ruwan ke gangarowa. Na biyu ya tsaya gabanta ya riƙa tuttura duwatsu da ƙafa yana goge su, ruwan da kansa zai kwaso abin da ya saki ya zuba a ragar. A juye cikin farantin da ɗan ruwa, a jira ya lafa. Da farko yara za su ce ba komai sai shara. A ce su yi haƙuri minti biyu. Sai ka ga sharar ta fara tafiya.

Iri uku ake fara nema. Akwai masu wutsiya uku da wasu 'yan fukafukai a gefen ciki da suke kaɗawa, da su suke numfashi. Akwai masu wutsiya biyu, shimfiɗaɗɗu, masu son ruwa mai sanyi da gudu. Akwai kuma masu gina wa kansu gida da tsakuwa ko guntayen ƙirare su riƙa jan sa, waɗannan yara ba sa gajiya da kallonsu. A littattafai za ku gan su da sunayen Ephemeroptera da Plecoptera da Trichoptera. Duk ukun ba sa jure ƙazanta da ƙarancin iska. 'Ya'yan mazari suna tsaka-tsaki. Idan kuwa farantin ya cika da jajayen tsutsotsi da matsattsaku da tsutsar nan mai dogon bututu a baya, ba sauran iri, to ruwan na cikin wahala. Jajayen tsutsotsin jininsu na da irin sinadarin da ke cikin namu mai kama oksijin, shi ya sa suke rayuwa inda wasu suka mutu. Mai bututun kuwa ba ta dogara da iskar ruwan ba sam, sama take miƙa shi ta shaƙa.

A Afirka ta Kudu sun sauƙaƙa wannan aiki domin 'yan makaranta, suka kira shi miniSASS. Rukuni 13 ne kawai, kowanne da makinsa, a haɗa makin waɗanda aka gani, a raba da yawansu, a samu darajar rafin. Kuma yara talatin duk za su samu abin yi.

In an gama a mayar da halittun inda aka ɗebo su.

Injiniyan Ruwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya ba, sai dai ragar za ta ce maka rafin ba shi da lafiya, ba za ta ce maka me ke damunsa ba. Taki ne? Ruwan masana'anta ne? Zafi ne don an sare bishiyoyin gaɓa? Sannan rashin wani iri ba kullum ne laifin ƙazanta ba. Masu wutsiya biyun nan ba su cika yawa a rafukan ƙasa mai zafi masu tafiya a hankali ba, ko da ruwan garau yake. Yaro zai iya yanke wa rafi hukuncin da bai cancanta ba.

Baba Mai Ritaya:
Gaskiyarka ɗana. Shi ya sa tsarin da na ambata ya raba ma'auni biyu, na rafi mai duwatsu daban, na mai yashi daban. Kuma shi ya sa ba a auna wuri ɗaya. A zaɓi wuri sama da inda ake zargi, a zaɓi wani ƙasa da shi, masu kama da juna a zurfi da gudu da irin ƙasa. In na sama na da iri takwas na ƙasa na da uku, to tsakaninsu akwai magana. Ruwa ba ya tsami banza. A nan ne kayanku na sinadarai za su shigo su faɗi mene ne. Ban ce a bar su ba, na ce kada a fara da su.

Uwar Ɗalibi:
Ku yi haƙuri malamai, ni ba masaniya ba ce, uwa ce. Tun ɗazu ina jin ana cewa yaro ya shiga ruwa ya tuttura duwatsu, yaro ya ɗiga asid. Ban ji wanda ya sa takalmi da safar hannu a lissafin kuɗin ba. A wurare da yawa ruwan rafi na ɗauke da tsargiya, kuma ba sai an sha ba, ta fata take shiga. Ɗana yana cikin irin wannan ƙungiya kuma ina son ya ci gaba, amma ina so in san an yi tunanin wannan.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Hajiya, kin yi daidai, kuma wannan ya kamata ya zo a saman jerin. Ƙwayar tsargiya daga jikin katantanwar ruwa take fitowa ta huda fatar mutum, ta fi yawa a gefe-gefe inda ruwa ya lafa da ciyayi. Duk yaron da zai shiga ruwa sai da dogon takalmin roba da safar hannu mai tsawo. Ba a shiga ruwan da ya wuce gwiwa, ba a shiga bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi ko da a nesa aka yi, don ambaliya na iya zuwa ba sallama. Mai ciwo a ƙafa ko hannu ya tsaya a gaɓa ya riƙe littafi. A tafi da ruwa mai tsabta da sabulu, da akwatin taimakon gaggawa.

Ta fannin sinadarai, tabarau na kariya wajibi ne ga mai gwajin oksijin, saboda na biyun da na ambata yana ƙona fata, asid ɗin ma haka. Kuma Malama ki duba da kyau kafin ki sayi kayan gwajin naitiret, sinadarin da taki ke kawowa cikin ruwa: wasu da kadmiyam suke aiki, ƙarfe ne mai guba. Akwai masu aiki da zinki, su za ki nema. Duk ruwan da aka gama gwaji da shi a tara a jarka mai murfi a koma da shi makaranta. Ba zai yiwu mu je duba lafiyar rafi mu zuba masa guba ba.

Uwar Ɗalibi:
Na gode Malam, hankalina ya kwanta. Allah ya tsare mana su.

Malamin Labarin Ƙasa:
Ina so in ƙara abubuwa biyu da kusan ba sa cin komai.

Na farko bututun duba dagulewar ruwa. Asalinsa faifan da Angelo Secchi ya gwada a Bahar Rum a 1865, ana sauke shi da igiya har ya ɓace wa ido, a auna zurfin. A tafki wannan ya isa, amma rafi ba shi da zurfin da faifan zai ɓace, shi ya sa aka koma ga bututun roba mai haske, tsawon santimita 60 ko 120, da alamar baƙi da fari a gindinsa. A cika shi da ruwan rafi, a leƙa ta sama, a riƙa rage ruwan har alamar ta bayyana, a karanta tsawon. A yi a inuwa, mai leƙen ya ba rana baya, kuma a ɗebi ruwan kafin 'yan raga su shiga su tayar da laka. Yara za su iya haɗa shi da kansu. Bayan ruwan sama za su ga yadda lambar ke faɗuwa, su fara tambayar daga gonar wa ko hanyar wa ƙasar ke zubowa. Lakar nan ba ƙazantar ido kaɗai ba ce, tana cike ramukan da halittun Baba ke ɓuya, tana toshe wa kifi numfashi, tana sa ruwan ya ƙara zafi.

Na biyu yawan ruwan da ke wucewa. Tef ɗin awo, sanda mai alamar santimita, agogo, da wani abu mai iyo. Misali faɗin rafin mita 3 ne, matsakaicin zurfinsa santimita 20, abin iyon ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 25. Gudun sama ke nan mita 0.4 a daƙiƙa. Tunda ruwan ƙasa ya fi na sama nawa, sai a ninka da 0.8 idan ƙasan duwatsu ne, ko 0.9 idan sumul yake. A wannan misali za a samu kusan lita 190 a kowace daƙiƙa. In ba a san wannan ba, za a ga gishiri ya hau da rani a ɗauka wani ne ya ƙara zuba abu, alhali ruwan ne ya ragu.

Malamar Kimiyya:
Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura tambaya ɗaya da ke damuna. Mutanen da ke amfani da rafin za su ga yara da kwalabe, kuma na san abin da za su tambaya: ruwan nan ana iya sha? Shin mu sayi kayan gwajin ƙwayoyin cuta?

Injiniyan Ruwa:
Malama, wannan wuri a taka a hankali. Duk abin da muka lissafa, har da na'urar da nake yabo, ba ya amsa wannan tambaya. Ruwa zai iya zama garau, pH 7, oksijin cike, halittun Baba na ta wasa a ciki, kuma yana ɗauke da abin da zai kwantar da mutum. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma da wuya a samu rafin da ke buɗe ya cika wannan sharaɗi. Akwai faifan gwaji da ake ɗiga ruwa a kai a ajiye a ɗumi na digiri 35 zuwa 37 tsawon awa 24 a ƙirga ɗigon da suka fito. Amma yana buƙatar kwalba da aka kashe wa ƙwayoyi, a sa samfurin cikin ƙanƙara a gwada shi cikin awanni kaɗan, a samu akwatin ɗumama mai tsayayyen zafi, sannan a kashe abin da aka raina da bilic kafin a zubar. In kina da waɗannan ki yi, darasi ne mai kyau. Ko kin yi, ki koya wa yara su amsa cewa ba su da ikon cewa a sha. Gwajinsu na iya nuna akwai matsala, ba ya iya tabbatar da babu.

Game da naitiret kuma, ku duba abin da kwalbarku ke ƙirgawa. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ce a lita idan naitiret ɗin gaba ɗaya ake nufi. A Amurka 10 suke rubutawa, saboda naitirojin ɗin da ke ciki kawai suke ƙirgawa, wanda ya yi daidai da kusan 44 a ɗaya lissafin. Ƙungiyoyi biyu za su iya auna ruwa ɗaya, ɗaya ta ce 8 ɗaya ta ce 35, duk su biyun daidai. A rubuta wanne ne a saman shafi.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Ƙari kan haka, kwalaben ɗibar ruwa kada a wanke su da sabulun gari mai fosfet in za a gwada fosfet, sinadarin da ake samu a taki da sabulu, don sabulun za ku auna ba rafin ba. A ɗauraye kwalba sau uku da ruwan rafin, a fuskanci inda ruwa ke zuwa, a ɗiba a tsakiyar zurfi. Kowane gwaji rukuni uku su yi shi daban-daban. In biyu sun zo kusa ɗaya ya yi nisa, a sake. Malama, wannan shi ne amsar damuwarki ta farko. Abin da ke sa masana su karɓi lambobin ɗalibai shi ne su ga hanya ɗaya aka bi kowane wata, an rubuta ranar da aka saita kaya, an rubuta ranar lalacewar sinadari, an rubuta ko an yi ruwan sama jiya. Shirin GLOBE na ɗalibai masu auna muhalli, da aka fara a 1995, wanda makarantu a ƙasashe sama da 100 ke aika masa sakamako, yana karɓar awon da aka yi da kwalaben sinadarai da bututun roba, muddin an bi ƙa'idar da ya shimfiɗa.

Malamar Kimiyya:
To ga inda na tsaya. Takalma da safar hannu da tabarau su ne farko. Sai raga biyu da farantai, ma'aunin zafi uku marasa zaiba don kada ɗaya ya fashe a ruwa, kwalaben oksijin, kayan naitiret masu zinki. Bututun dagulewa da sandar awo yara za su haɗa. Littafi mai bango mai ƙarfi da fensir, tunda biro na narkewa in ya jiƙe. Gwajin ƙwayoyin cuta mun ɗaga shi sai mun samu akwatin ɗumama. Babbar na'urar na haƙura da ita bana.

Injiniyan Ruwa:
Ban ƙi ba Malama, amma ina nan kan bakana game da pH, kuma jerinki ba shi da abin auna gishiri ko kaɗan. Ki matsa ki sayi ƙananan na'urori biyu masu kamar alƙalami, ɗaya ta pH da ruwan saitinta, ɗaya ta auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, wanda ke nuna yawan gishirin da ya narke a ciki. Ta biyun ba ta da laulayi, bakinta ƙarfe ne ba gilashi ba, kuma ita ce ta fi saurin tona inda wani bututu ke zubo ƙazanta: ki bi gaɓa kina tsomawa duk bayan 'yan taku, inda lambar ta yi tsalle ki tsaya ki duba. Ki tabbatar tana gyara lissafinta zuwa digiri 25, domin kowane digiri ɗaya na zafi yana ɗaga lambar da kusan kashi 2 cikin 100.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Ta gishirin na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ta pH kuwa sai in Malama za ta ɗora wa ɗalibai biyu alhakin saita ta kafin kowace fita, su sa hannu a littafi. In ba haka ba gara kwalbar ɗigo mai sauya launi, ta fi takarda kaifi, tana raba rabin mataki.

Malamar Kimiyya:
Zan naɗa biyun, kuma za mu riƙa gwadawa da kwalbar ɗigon a gefe mu ga ranar da suka saɓa. Baba, ragar nan, wane yadi za mu nema in za mu ɗinka da kanmu?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, ku nemi yadin raga na roba mai ƙarfi wanda ƙofofinsa ba su wuce milimita ɗaya ba, irin wanda ake sa wa taga ma yana yi. Gidan sauro na gado yana yagewa a kan duwatsu. Ku lanƙwasa ƙarfen bakin ya zama ƙasansa a miƙe samansa a zagaye, don ya kwanta daidai a ƙasan rafin kada halittu su bi ta ƙarƙashi. Ku naɗe gefen da ke gogar dutse da yadi mai kauri. Zurfin jakar ya kai kamu biyu. Bayan kowace fita ku wanke ta ku shanya ta bushe sarai kafin ku kai ta wani rafin, kada ku kwashi ƙwai ko cutar wannan ruwa ku kai wancan.